Motar ɗaga kaya: a ba gaz ɗin furofan matsayinsa

A manyan mangazu na ƴan kasuwa, a ɗakunan ajiyar duwan da rumbunan cimaka na gwamnati, akwai wata ƙaramar mota mai ƙaho biyu na ƙarfe a gaba, wadda ke cusa ƙahonninta ƙarƙashin dandamalin katako, ta ɗaga tan biyu ko uku na buhunan hatsi ko siminti, ta jera su har kusa da rufi. Ita ce motar ɗaga kaya. Duk ma'aikatar da za ta saye ta, tilas ta amsa tambaya ɗaya tun kafin a sa hannu ga takarda: da me za ta yi aiki? Da gazuwal, da lantarkin batir, ko kuwa da gaz? Ra'ayin wannan shafi shi ne, a halin da ƙasar Nijar take ciki, gaz ɗin da ake kira furofan ya cancanci a duba shi da idon basira fiye da yadda aka saba.

Furofan ɗan'uwan butan ne, wato gaz ɗin da mata ke dafa abinci da shi. Dukansu biyu ana samun su wajen tace ɗanyen mai ko iskar ƙarƙashin ƙasa, a matse su cikin tukunyar ƙarfe su zama ruwa. Lita ɗaya ta wannan ruwa, idan ta koma iska, tana cika wurin lita 270. Shi ya sa tukunya ƴar ƙarama ke riƙe injin tsawon yini. A Faransa tukunyar motar ɗaga kaya kilo 13 ce, a Amurka kimanin kilo 15, kuma galibi tana kai awa 6 zuwa 8 na aiki. In ta ƙare, direba ya sauke ta, ya ɗora wata, cikin minti biyar ya koma bakin aikinsa.

A nan ne babban amfanin yake. Batir irin na darma, wanda aka daɗe ana amfani da shi, yana aiki awa 8, a cika shi awa 8, sa'annan a bar shi ya huce kusan haka. Ma'aikatar da ke son aiki dare da rana sai ta sayi batir biyu ko uku ga mota guda, ta kuma gina ɗakin cika su. Bayan haka, zafi maƙiyin batir ne: masana sun ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa digiri 25 yana rage rabin kwanansa, alhali kowa ya san abin da ma'aunin zafi ke nunawa a Maraɗi da Tawa cikin watan Afirilu da Mayu. Gaskiya ne sabon batir na litiyom yana cika da sauri, ba ya kuma fitar da hayaƙi ko kaɗan. A ɗakin sanyi ko ɗakin magunguna babu kamarsa. Amma yana da tsada, kuma shi ma idonsa na kan wayar NIGELEC. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka tsinke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasa. Motar hatsi da ta iso mangaza a tsakiyar bazara ba ta jiran wuta ta dawo, haka ma ƙauyen da ke dakon rabonsa.

Gazuwal kuwa ƙarfi gare shi, ba mai musu. A fili, inda ake ɗaga kwantena ko ƙarfen gini, shi ne sarki. Amma a shigar da shi cikin ɗaki, sai baƙin hayaƙi ya kwanta bisa buhuna, ya shiga ƙirjin ma'aikata. In ya zube ƙasa, warinsa ya kama gero da shinkafa. Furofan yana ci da tsabta, toka kaɗan yake bari, man injin yana daɗewa bai yi baƙi ba, kuma ko shekara nawa ya yi cikin tukunya ba ya lalacewa. Akwai kuma wani abin da masu kula da dukiyar hukuma za su gane ba sai an yi dogon bayani ba: gaz ba ya bin tiyo ya koma jarka da dare.

Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram take tace man Agadem, da ƙarfin ganga 20.000 a kowace rana, kuma gaz na cikin abin da take fitarwa. Ke nan akwai tushe a gida. Sai dai kada a ruɗe: gaz ɗin da aka saba saidawa magidanta sunan butan gare shi, kuma tukunyar ɗakin girki ba ta motar ɗaga kaya ba ce. Ta mota a kwance ake ɗaura ta, da ƙusa mai tsaida ta wuri ɗaya, ruwan gaz take ba injin, ba iskarsa ba. Ƙarfin matsin furofan a digiri 40 ya ninka na butan fiye da sau uku. Wanda ya ɗura furofan a tukunyar da aka ƙera domin butan, ko ya cika tukunya fiye da kashi 80 cikin 100 ya ajiye ta a rana, da ransa da na maƙwabtansa yake wasa. Bai kamata kuma a cika motocin ƴan kasuwa da rabon matan da aka yi shekaru ana roƙo su bar itace su koma ga gaz ba. Wajibi ne kamfanonin rarraba gaz su ware wa masana'antu nasu tukwane da nasu lissafi.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne iskar nan mai guba, monoksid na karbon, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ƴan talla sukan ce motar gaz ana aiki da ita ciki da waje, amma sukan manta da sharaɗin. Injin da ba a gyara shi da kyau ba, a cikin mangaza rufaffiya, yana sa ciwon kai da jiri da amai, wani lokaci har ya kai ga rasa rai, kuma ma'aikaci yakan ɗauka zazzaɓin sauro ne ko gajiya. Dole ƙofofi su kasance a buɗe, a riƙa auna hayaƙin injin, a maƙala na'urar gargaɗi a bango. Gaz ɗin kansa ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya, ƙasa yake bi ya taru cikin rami, shi ya sa ake sa masa wari mai ƙarfi domin hanci ya ji. Ruwansa kuma in ya taɓa fata yana ƙona ta da sanyi, don haka ba a sauya tukunya ba tare da safar hannu ba.

Duk wannan ilimi ne da ake iya rubutawa a takarda ɗaya, da Hausa da Zabarmanci, a liƙa a ƙofar mangaza. Ƴan dako da yawa sun fito daga ajin yaƙi da jahilci, suna karatu, sun kuma fi kowa sanin yadda ake jera buhu. Su ya kamata a fara horarwa su zama direbobin waɗannan motoci, tun da aikinsu ne motar za ta rage. Ma'aikatar da za ta yi odar motar ɗaga kaya ta sa kuɗin horon nan da na tukwanen canji cikin takardar sayen tun farko.