SHARHI: Idan Aure Ya Mutu, Wa Ke Sauraron Ɗan Shekara 13?

Duk lokacin da aure ya mutu a ƙasar Hausa, rigimar da ke biyo bayan takardar saki ita ce ta riƙon 'ya'ya. Uba ya ce nasa ne, uwa ta ce ita ta san zafinsu, dangi su yi ta kai-komo. Wanda ba a cika tambaya ba shi ne yaron da ya kai shekara 13 ko 14, alhali shi ne zai rayu da hukuncin.

Kotunan shari'ar Musulunci a Arewa mazhabar Malikiyya suke bi, kuma matsayinta a fili yake cikin Risala da Muhtasar: haƙƙin reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin ya koma ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta. Ci da sutura kuwa suna wuyan uba, ko a ina yaron yake. Sai dai al'ada ta sha gaban fiƙihu: yawanci uba ne ke kwashe yara, ya miƙa su ga matar uba.

Bai wa yaro zaɓi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Shafi'iyya sun yarda da shi da zarar yaro ya yi wayo, wajen shekara bakwai, bisa hadisin Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya bai wa wani yaro zaɓi tsakanin mahaifansa. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta tanadi a dokar iyalinta ta 2004 cewa ɗan shekara 15 na iya zaɓar wanda zai zauna wurinsa. Masar ma ta tsayar da shekara 15 a 2005. A Najeriya, Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta fifita maslahar yaro, kuma Kano ta kafa tata dokar kare yara a 2023.

To amma zaɓi yana da nasa haɗarin. Yaron da aka tsayar gaban iyaye biyu aka ce ya nuna ɗaya, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Yana tsoron fushin uba, yana tsoron bakin uwa. Mafi muni, idan uba ya ce kuɗin makaranta sai ga wanda ke gidansa, ba iyaye yaron ke zaɓa ba, tsakanin karatu da rashinsa yake zaɓa.

Saboda haka gyaran daga ciyarwa zai fara. Alƙali ya yanke abin da uba zai riƙa bayarwa tukuna, ya tabbatar ana biya. Sannan ya gana da yaron a keɓe, ba a bainar jama'a ba, ya ji ra'ayinsa, amma nauyin hukunci ya tsaya a kan kotu. A kuma rubuta ranakun ziyara, a guji raba 'yan'uwa.

Majalisun jihohin Arewa na da hurumin sanya waɗannan ƙa'idoji cikin dokokinsu. Muddin ba su yi ba, mai ƙarfin aljihu ne zai ci gaba da yanke wa yara inda za su kwana.