PCOS: kowa na tambayar mahaifa, ba mai tambayar jini

1/ Yau sai na faɗa, ko da za a ce na cika baki. Yayata a Banga ta shekara huɗu al'adarta na ɗaukewa wata uku, wata huɗu. Ga kuraje, ga gashi a haɓa. Aka ce sanyi ne, aka ce namijin dare. An sha jiƙo, an yi hayaƙi har an gaji.

2/ Sai da aka kai ta Gusau aka yi sikanin da awon jini likita ya ce PCOS ce, rikicewar sinadaran jikin mace. Tambayar dangi ɗaya ce: "To za ta haihu?" Wallahi ba wanda ya tambayi lafiyarta ita kanta.

3/ Alhali ciwon yana cikin jini. Akwai CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. A masu PCOS yakan ɗan hau ya zauna. Wutar ƙaiƙayi ke nan, ba a ganin harshenta amma tana ci.

4/ Sai daskarewa. Fibrinogen ke haɗa gudan jini, PAI-1 kuma ke hana jiki narkar da shi. Dukansu sukan yi sama a masu PCOS. Shi ya sa haɗarin gudan jini a jijiya ya fi yawa gare su, ga ciwon suga a gefe.

5/ Yanzu ki duba: ƙawa ta ce "je kemis ki sayi ƙwayar tsarin iyali, al'ada za ta daidaita." Ƙwayar mai estrogen ita ma tana ƙara wannan haɗarin. Likita kan rubuta ta, amma sai ya auna hawan jini ya ji tarihinki. Ƙawarki me ta auna?

6/ Ban ce kowa ta ruga awon CRP ba fa. Maleriya ma tana ɗaga shi. Ƙa'idar Rotterdam ta 2003 biyu cikin uku take nema: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza, ko abin da sikanin ya nuna.

7/ WHO ta ce kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa ke da ita, kuma har kashi 70 cikinsu ba a gano ba.

8/ In an ce kina da ita, ki nemi awon suga, hawan jini da kitsen jini, ko kina da aure ko babu. Maza, in za ku kai ta asibiti don haihuwa, ku kai ta don ranta ma. Allah Ya ba mu lafiya.