Kada a jingine tsofaffin kwamfutocin lakol

A makarantunmu da dama akwai kwamfutocin tebur da ƙura ta lulluɓe, wai don ba su kama Wi-Fi. Sai ka ji dirakta yana neman kuɗin sababbi na hannu. Ni ban yarda ba. Ƴar na'urar Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, ta isa, malami ya raba intanet daga salularsa. Inda ake tuntuɓe shi ne tsohuwar Windows 7, takan nemi manhajar na'urar, ita kuwa sai da intanet, don haka a fara sauko da ita a waya. Rarar kuɗin a sa ta a batir da faifan rana, don da bazara a Maradi wuta ce ke fara ɗaukewa.