Digirin Digirgir a Kimiyyar Kayan Ƙira: Fanni Ɗaya Ba Ya Wadatarwa

Lu'ulu'u da baƙin tsinken da ke cikin fensir duk sinadari ɗaya ne, wato kabon. Ɗaya yana yanka gilashi, ɗaya kuwa takarda ma goge shi take yi. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsu. Haka maƙeri ke tsoma ƙarfen da ya yi jawur a wuta cikin ruwa ya fito da tauri, alhali bai ƙara masa kome ba, jerin cikinsa kawai ya sauya. Wannan dangantaka tsakanin jerin ƙwayoyin zarra da halin abu ita ce ginshiƙin kemistirin daskararrun abubuwa da kimiyyar kayan ƙira. A ganina, duk jami'ar da ta tsare ɗalibin digirin digirgir na wannan fage a sashe ɗaya tak, ta tauye shi tun kafin ya fara.

Dalili kuwa, tambaya ɗaya a wannan fage kan ratsa sassa uku. Masanin kemistiri ne ya san yadda ake haɗa garin sinadarai a gasa su a tanderu har su zama sabon abu. Masanin fiziks ne ke auna jerin ƙwayoyinsa, ya bayyana dalilin da ya sa lantarki ke ratsa shi ko ya ƙi. Injiniya kuma shi ke tambayar ko abin zai jure zafi da amfanin shekaru, da ko za a iya ƙera shi da araha. Ɗalibin da ya iya ɗaya kawai, kullum yana jiran wani ya fassara masa sakamakon aikinsa.

Batirin da ke cikin wayar mai karatu ya isa shaida. A shekarun 1970 Stanley Whittingham, masanin kemistiri a kamfanin Exxon, ya haɗa batirin da lithiyam ke shiga yana fita tsakanin shimfiɗun wani sinadari na titaniyam da farar wuta. Sai dai ƙarfinsa ya ɗan haura volt 2 ne kawai, kuma tsurar lithiyam ɗin da ke ɗaya gefen tana iya kama wuta. John Goodenough, wanda ya ɗaga aikin, digirinsa na farko a lissafi ne, na digirgir kuma a fiziks daga Jami'ar Chicago a 1952. Ya shafe shekaru sama da 20 yana nazarin maganaɗisu a Amurka kafin a ba shi shugabancin wani ɗakin binciken kemistiri a Oxford ta Ingila a 1976. Saninsa na fiziks ne ya nuna masa cewa sinadarin da ke ɗauke da iskar oksijin a madadin farar wuta zai fi ba da ƙarfi. A 1980 shi da abokan aikinsa suka samu kusan volt 4 daga haɗin lithiyam da kobalt da oksijin. Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya maye gurbin tsurar lithiyam da wani nau'in kabon a 1985, Sony ya kai batirin kasuwa a 1991, su ukun kuma suka raba kyautar Nobel ta kemistiri a 2019.

Masu ja da wannan ra'ayi kan ce taura biyu ba ta taunuwa: shekaru uku ko huɗu na digirgir da ƙyar suke isar mutum ya ƙware a fanni ɗaya. Maganarsu tana da nauyi, domin akwai shirye-shiryen da ke yaye ɗalibi ya ɗanɗani kome bai ƙoshi da kome ba. Amma gyaran wannan yana ga tsari. Ɗalibi ya kafa saiwa mai zurfi a fanni ɗaya, sannan a wajabta masa darussan tushe a sauran biyun a shekarar farko. A ba shi malamai biyu daga sassa daban-daban, kuma ya auna abin da ya haɗa da hannunsa. Ba sabon tunani ba ne: tun 1960 gwamnatin Amurka ta ba jami'o'in Cornell da Pennsylvania da Northwestern kuɗin kafa ɗakunan binciken kayan ƙira inda sassa ke tarayya a na'urori da ɗalibai.

Jami'o'inmu sun fi kowa bukatar wannan tarayya, don na'urorin auna jerin ƙwayoyin zarra suna da tsadar da sashe ɗaya ba zai ɗauka ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da abin koyi a gida. Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fiziks ne da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar, ya haɗa nazari da ƙera na'urori. Yau faranten sola da batura sun cika kasuwanninmu, zafi da ƙura suna rage musu kwana, kuma sanin dalilin lalacewarsu aikin masana kayan ƙira ne.

Don haka ɗalibin da ke neman gurbin digirgir, a gida ko a waje, ya tambayi abu uku kafin ya amsa: su wane ne za su duba aikinsa kuma daga waɗanne sassa, waɗanne na'urori zai taɓa da kansa, kuma waɗanne darussa zai ɗauka a wajen fanninsa. Amsoshin nan sun fi sunan jami'a nuna irin masanin da zai zama.