Kafin a Miƙa wa Matashi Jirgin Shaƙatawa, a Fara Ba Shi Horo

Duk yammacin Asabar, balle a ranakun Sallah, gaɓar tafkin Jabi da ke Abuja kan cika da iyalai. Yara na ɗokin hawa kwale-kwale, samari na jiran babur ɗin ruwa, angwaye da amare na ɗaukar hoto a cikin jirgi. Abin sha'awa ne, kuma sana'a ce mai ciyar da mutane. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a biya kuɗin hawa: wa ya koya wa mai riƙe da injin nan tuƙi, kuma wa ya jarraba shi?

A kan titi, doka ba ta yarda a ja mota babu lasisi ba. A kan ruwa kuwa, da yawa na ɗauka cewa duk wanda ya iya tayar da inji ya zama matuƙi. Alhali jirgi ba shi da birki, kuma in ya kife babu gefen hanya da za a raɓa.

Horon da ake magana a kai ba dogon karatu ba ne. Matuƙi ya san adadin mutanen da jirginsa ke ɗauka da yadda zai raba nauyinsu. Ya san cewa idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna, kowanne damarsa yake karkata. Ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, don in ya faɗa ruwa jirgin ya tsaya maimakon ya zagayo kansa. Ya iya karanta hadari, ya juya gaɓa kafin iska ta taso. Ya san rigar kariya ta babba na iya suɓule wa yaro. Uwa uba, ya san cewa mai nutsewa ba kasafai yake iya ihu ba, kuma jefa masa igiya ko abin da ke yawo a saman ruwa ya fi faɗawa a kamo shi, domin mai neman numfashi kan danne wanda ya zo cetonsa.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar sakaci. A watan Nuwamban 2021 jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a Bagwai ta Jihar Kano. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki. A Afrilun 2024 jarumin fim Junior Pope ya rasu a Kogin Neja. Waɗannan ba jiragen shaƙatawa ba ne, amma ruwa bai san bambancin matafiyi da mai yawon buɗe ido ba.

Wasu za su ce tilasta horo zai ƙara tsada, ya kori talaka daga sana'ar. Damuwar tana da tushe, amma maganinta shi ne a sauƙaƙa horon, a yi shi da harshen da matuƙa ke ji, a bakin ruwan da suke aiki. Kuma ba daga waje kaɗai za a nemo malamai ba. Sarakunan ruwa na Argungu da Yawuri sun gaji sanin halin kogi, kuma wasannin kabanci da tseren kwale-kwale na bikin Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, shaida ce a kan haka. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan gado da dabarun ceto na zamani da takardar shaida.

Ribar ba ta tsaya ga tsare rai ba. Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik ta Tokyo da ta Faris. Babu dalilin da zai hana yaran gaɓar Kainji ko Tiga bin sawunta, in sun sami mai koyarwa.

Don haka ya dace hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da mahukuntan Abuja da na jihohi, su wajabta wa duk mai hayar jirgin shaƙatawa takardar horo da za a liƙa inda kowa zai gani, tare da mai ceto a bakin ruwa. Su ma iyaye suna da haƙƙin tambayar wannan takarda kafin su sa ɗansu a jirgi. Idan babu, gara a koma gida da yaro yana kuka da a koma ana kukansa.