Kongo Ta Girmi Samaru

Wasu ɗaliban Samaru kan ɗauki 'yan'uwansu na Kongo tamkar 'yan rakiya. To, a tambayi tarihi. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, alhali tun 1947 aka kafa makarantar horar da akawuna wadda ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo, nan Tudun Wada. Ashe 'ya ta girmi uwarta da shekara 15!

Saboda haka, 'yan'uwa, gobe idan kun shiga ofis da digirinku, kada ku yi wa akawu tsawa don kun ga ba shi da shi. Makarantarsa ta riga taku, kuma takardarku ba ta motsi sai ta bi ta hannunsa.