Mun Yi Wa Samoa Ihu, Mun Yi Wa Gida Shiru

Jaridar Daily Trust ta nemi afuwa. Hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta duba labarin nan na ranar 4 ga Yulin 2024, wanda ya nuna cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa ta dala biliyan 150 mai ɗauke da sharaɗin goyon bayan masu neman jinsi, ta ce labarin bai inganta ba, jaridar kuma ta fito ta amsa kuskurenta. Na yaba mata. To saura su wa? Saura waɗanda suka ɗauki labarin da zafinsa suka hau mumbari, da waɗanda suka naɗi murya suka watsa a WhatsApp tun daga Paki har Hunkuyi, suna rantsuwa cewa an gama sayar da 'ya'yanmu. Har yau ban ji ko mutum ɗaya a cikinsu ya dawo gaban jama'ar da ya firgita ya ce, "Abin da na faɗa muku ba haka yake ba, ku yafe mini."

Samoa ba ita ce damuwata ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ra'ayin da ya sa labarin ya kama kamar wutar daji, ra'ayin da ya zauna daram a majalisunmu na Ikara da Makarfi da Kudan: wai 'ya'yanmu lafiyarsu ƙalau, ɓarna daga waje take zuwa, Turawa ne ke ɗauko ta a jirgi, maganinta kuwa shi ne a ja baki a yi gum. Kada uwa ta yi wa 'yarta maganar jikinta, kada uba ya zauna da ɗansa, kada malamin makaranta ya kuskura, don wai magana ce ke buɗe wa yaro ido. Wannan ra'ayi ƙarya ne, kuma 'ya'yan talakawa ne ke biyan kuɗinsa da jikinsu.

A watan Nuwambar 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire darasin da ya shafi jima'i daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. Aka yi ta tafi da kabbara. Madalla. Tunda an karɓe aikin daga hannun makaranta an miƙa mana, ina tambayar kowane magidanci da ke karanta wannan shafi: tun daga ranar zuwa yau, ka taɓa kiran ɗanka mai shekara goma sha uku ka zaunar da shi ka gaya masa abin da zai gani a jikinsa, da abin da zai yi in wani babba ya ja shi lungu? Uwargida ta taɓa yi wa 'yarta bayanin haila kafin jinin ya zo mata? Mun ƙwace aikin ne kawai don kada wani ya yi, mu ma ba mu yi ba.

Kuma don Allah a daina ce mini kunya ce. Wace kunya? Shiga kasuwar Makarfi, ko ka tsaya a tashar Ikara ranar da ta cika, ka saurari motar mai maganin gargajiya. Ya ɗaura lasifika a kan rufin mota, ya ƙure murya, yana ambaton al'aurar namiji da ta mace da sunayen da ko a bayan gida mutum ba zai furta ba, yana kwatanta abin da ke faruwa a shimfiɗa dalla-dalla, wai maganin basir da sanyin mara da ƙarfin maza yake sayarwa. A gefensa ga yarinya 'yar shekara tara da farantin gyaɗa a ka, ga almajiri da robarsa, ga dattijo yana cinikin rake da mazarƙwaila, kowa na ji. Wasu har dariya suke yi suna miƙa kuɗi. Ban taɓa ganin an tashi tsaye a kan wannan kamar yadda aka tashi a kan Samoa ba. Ba a yi masa huɗuba mako uku a jere ba, ba a rubuta wa gwamna takarda ba, shugaban kasuwa bai kashe lasifikar ba. Haka masu kayan mata: sun cika Facebook da TikTok, sun shiga gidajen biki, suna ɗura wa amare tsumi da haɗe-haɗen da ba wanda ya san abin da ke ciki, har da na matsi da ke jawo ciwo, ana kiran abin gyaran amarya. Yarinyar da aka hana ta jin bayanin jikinta daga bakin ma'aikaciyar jinya, ita ce ake tsare wa a ɗaki mako biyu kafin biki ana koya mata yadda za ta "riƙe miji" kada kishiya ta ƙwace. Batsa a bainar jama'a halal ce in dai ciniki ake yi, ilimi a cikin aji kuma shi ne fitsara. Wannan munafunci ne, ba shi da wani suna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake jingina wannan shiru da addini. Duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya san ƙarya ake yi wa Musulunci. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, littattafan da kakanninmu suka tashi da su a ƙasar Zazzau, tun a babukan farko suke kawo hukuncin tsarki: mene ne maniyyi, mene ne maziyyi, yaushe wanka ke wajaba, kwana nawa haila ke yi, yaya jinin biƙi yake, waɗanne ne alamomin balaga. Malam ya karanta, ya fassara da Hausa ƙarara, yaro ya maimaita, ba wanda ya ce an lalata shi. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta tambaye shi hukuncin mace in ta yi mafarki, ya ba ta amsa, bai kore ta ba. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna koya wa mata tsarki da zamantakewa. Wannan ne gadonmu. Shirun da ake tinƙaho da shi yau baƙo ne, ba mu gaje shi daga malamai ba.

Ga abin da shirun ke haifarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kusan uku cikin goma na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki. Mafi yawansu da aurensu, na sani. Amma yarinyar da za a ɗora wa ciki da goyo, ba ta cancanci a gaya mata yadda jikinta ke aiki ba? Ba ta cancanci ta san amfanin awo, da haɗarin doguwar naƙuda a gida da ke kai mata ga yoyon fitsari ba? Shi ma angon ba wanda ya gaya masa komai sai abokai a majalisa da bidiyon batsa a waya, ya shiga ɗaki da tunanin cewa mazantaka ita ce ƙarfi da tsawa. Bayan wata shida a ji an yi saki, a ce ba a san dalili ba, ko a ce asiri ne, ko aljanu. An san dalili. Ba a dai iya faɗa ba, saboda tun farko ba a koya wa kowa yadda ake faɗa ba.

Sai babbar masifar, fyaɗe. A Satumbar 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Doka mai tsanani, amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, mu kuwa me muke yi? "A rufa asiri." "A bar maganar a gida, kada yarinya ta rasa miji." "Ai ɗan'uwa ne, a sasanta." A tara dattawa a zaure, a karɓi kuɗin magani, a sha addu'a, mai laifi ya koma shagonsa gobe yana kiran wata yarinyar ta kawo masa talla. Akwai cibiyar Salama da ke kula da waɗanda aka ci wa zarafi a asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, asibitin da ke ɗauke da sunan matar da aka aurar tana da shekara 13, ta kuma kwashe rayuwarta tana faɗa da irin wannan zalunci. Iyaye nawa a Gubuchi ko Likoro ko Saulawa suka san da ita? Wa ya taɓa ambatonta a huɗuba? Yara maza ma ba su tsira ba, musamman almajiran da ke kwana a shaguna da kangwaye ba mai tambayar inda suka kwana. Wanda ke lalata su ba daga Turai ya zo ba. Sau da yawa mutum ne da ake gaisawa da shi kullum, yana sahun gaba a masallaci. Yaron da ba a taɓa gaya masa cewa jikinsa nasa ne ba, cewa akwai taɓawar da ba a yarda da ita ko daga wa ta fito, da wane baki zai kawo ƙara?

Maimakon mu fuskanci wannan, sai mu juya kan wanda ba shi da gata. Tun Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, ga kuma kotunan shari'a da muke da su a Kaduna tun zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Ba wata takarda daga Samoa da ta goge ko ɗaya. To farautar ta mece ce? A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a Zariya bisa zargin halartar auren jinsi, suka musanta, masu kare su suka ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne, kotu ta ba da belinsu. Amma tambarin da aka buga musu, wa zai kankare? A garuruwanmu yau ya isa a ce muryar yaro ta cika laushi, ko tafiyarsa, ko ya fi son zama wurin girki, sai a laƙaba masa suna, yara su bi shi da ihu, uba ya yi ta dukansa har ya gudu ya faɗa tasha, inda masu jiran irinsa suke. 'Yan daudu suna soya kaji da dafa abinci a kasuwanninmu tun kafin a kafa Tarayyar Turai, ba wanda ya isa ya ce jirgi ne ya kawo su. Ban zo in halatta abin da addini ya haramta ba, kuma ba ni da wannan ikon. Amma addinin da ya haramta shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati, shi ne ya tanadi bulala tamanin ga mai ƙazafi a Suratun Nur. Me ya sa muke riƙe rabi mu yar da rabi? Matashin da ke cikin ruɗani game da kansa ɗanmu ne, yana buƙatar babba mai hankali da zai saurare shi ba tare da ya tara masa jama'a ba. In ba mu saurare shi ba, wayarsa za ta saurare shi.

Na san abin da za a ce: ɗan boko ne, ƙungiyoyin Turawa sun biya shi. Wannan tsohuwar waƙa ce, ba zan ɓata tawada a kanta ba. Da ita aka rufe bakin duk wanda ya yi magana a 2003, lokacin da aka ce allurar shan inna makirci ce ta hana mu haihuwa, har aka dakatar da rigakafi a Kano da Zamfara da Kaduna. Eh, na san abin da kamfanin Pfizer ya yi wa yaran Kano a 1996, kuma zargin Turawa ba daga sama ya faɗo ba. Amma wa ya ɗauki asarar? Cutar ta bazu daga nan har Yaman da Indonesiya, Najeriya ba ta rabu da ita ba sai 2020, yaran da suka shanye a wancan lokaci ga su nan sun girma suna jan jiki a bakin titunanmu. Waɗanda suka hura wutar, 'ya'yansu na tafiya da ƙafafunsu, kuma su ma ba su taɓa dawowa sun nemi afuwa ba. Salon bai canja ba: a ƙirƙiri dodo daga ƙasar waje, a tara jama'a a kansa, a samu suna da mabiya, a bar talaka da ciwon. Jiya allura, yau Samoa.

Muna da abin da za mu fara da shi a hannunmu. Ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi tana yaye ma'aikatan lafiya 'ya'yan yankin nan, masu jin Hausa, masu sanin addini da al'ada. Ga malamai mata a islamiyyoyin matan aure a kowace unguwa. Ba sai an jira Abuja ba, ba sai an karɓi ko sisin wani baƙo ba.

Ina roƙon limaman Juma'a na Ikara da Makarfi da Hunkuyi da Kudan, Allah gafarta malamai: yadda kuka ba Samoa mumbari, ku ba fyaɗe mumbari, ku gaya wa iyaye cewa rufa wa mai lalata yara asiri haɗin baki ne da shi. Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da hakimai, ranku ya daɗe, ku sa a kashe lasifikar batsa a kasuwanni. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko 'ya da suka kusa balaga, kada ka bari makon nan ya wuce ba a zauna da su ba, uwa da 'yarta, uba da ɗansa.